Musayar Ɗalibai: Da Me Za Su Tafi?

Fita ƙasashen waje don ƙaro ilmi da buɗe ido ba baƙon abu ba ne a Zariya. A 1943 Malam Abubakar Imam ya tafi Ingila tare da editocin jaridun Afirka ta Yamma, da ya komo kuwa bai bar abin da ya gani a cikinsa ba, sai ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi, littafin da 'yan makaranta suka daɗe suna karantawa. A 1954 Gwamnatin Jihar Arewa ta aika da waɗansu matasan malamai Bakht er-Ruda ta ƙasar Sudan, cikinsu har da Malam Abubakar Gumi. Daga 2003 kuma aka riƙa kai yaran sakandare na Jihar Kaduna da waɗansu jihohi Amurka a ƙarƙashin shirin musaya na YES, su yi shekarar karatu guda a gidajen Amurkawa.

Babu mai musun amfanin wannan. Amma fa sunan abin musaya, watau ba ni gishiri in ba ka manda. Duk ƙungiyar ɗaliban da ta fita, masu masaukinta ba su rasa zagayawa da ita wuraren tarihinsu, su nuna fadojin sarakunansu da kaburburan mazan jiyansu, suna bayani dalla-dalla. In an gama sai su juyo su ce wa baƙo, to, kai kuma ba mu labarin naku. A nan ne ɗalibi da yawa kan yi tsuru-tsuru.

Zancen ya fi shafar unguwa irin Gyallesu, wadda ɗalibai suka cika ta saboda babbar makarantar horar da malamai da aka kafa a 1962, ga kuma harabar Jami'ar Ahmadu Bello ta Kongo kusa da ita. Daga Gyallesu zuwa Ƙofar Doka ba wata tafiya ba ce. Duk da haka ana samun wanda zai yi shekara uku ko huɗu yana karatu a wurin, bai taɓa tsayawa ya dubi ganuwar Zazzau ba, bai hau Kufena ba, bai san inda Turunku take ba, balle ya faɗi dangantakarta da Bakwa da Sarauniya Amina. Irin wannan ɗalibi in aka tsai da shi a Gidan Kayan Tarihi na Birtaniya a Landan, gaban tagullolin da sojan Ingila suka kwaso daga Birnin Benin a 1897, iyakarsa ya ɗauki hoto ya wuce. Wanda ya san tarihin shi ne zai iya tambayar yadda kayan suka zo nan, da dalilin da ya sa Jamus ta mayar wa Nijeriya mallakar nata a 2022.

Abin takaicin shi ne kayan gidan ba za su tsaya jiran kowa ba. Masallacin Juma'a na Birnin Zariya, wanda Babban Gwani ya gina da ƙasa a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, masana gine-gine daga ƙasashe masu nisa sun zo sun auna bakan gizonsa sun yi rubutu a kansa, har an gina kwatankwacinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. A watan Agusta na 2023 wani sashe nasa ya rufta ana cikin salla, aka yi hasarar rayuka. Ganuwa kuwa, damina na ci, masu haƙar ƙasar gini na ci. Malamin da za a yaye gobe, in bai ga waɗannan da idonsa ba, da wane baki zai koya wa yaran firamare darajarsu?

Akwai kuma zaton da ake yi cewa tafiya ba ta cika ba sai an ƙetare teku. Tsadar kuɗin waje ta riga ta warware wannan tun da daɗewa, domin ita ce ta sa Gwamnatin Tarayya ta buɗe Ƙauyen Koyon Faransanci a Badagry a 1991, da na Larabci a Ngala ta Jihar Borno a 1992, maimakon aika ɗalibai waje. Maƙwabta ma suna da abin gani. Tsohon birnin Agadas, mai hasumiyar ƙasa ta mita 27, yana cikin wuraren da UNESCO ta keɓe tun 2013, ga kuma fadar Sarkin Damagaram a Zinder. A duka biyun ɗalibi zai yi ciniki a kasuwa da Hausa ba tafinta. In hanya ta yi lafiya, kuɗin kujerar jirgi guda zuwa Turai zai kai mutum da yawa can a mota.

Saboda haka ya kamata hukumomin makarantu da Ma'aikatar Ilmi su kafa sharaɗi: duk ɗalibin da za a sa cikin ƙungiyar musaya, sai ya fara zagaya ƙofofin Zariya da Kufena tare da malamin tarihi, ya rubuta abin da ya gani da Hausa da Turanci, a duba. Zaɓen kuwa a yi shi bisa ƙwazo a bainar jama'a, ɗan manomi da ɗan babban ma'aikaci su zauna jarrabawa ɗaya. In ƙungiya ta dawo, kada a sallame ta sai ta miƙa rahoton tafiyarta, a ajiye kwafi a laburaren makaranta, a kuma karanta wa 'yan ajin da ke biye.