Taici: Sannu Ba Ta Hana Zuwa

'Yan'uwana ɗalibai, akwai wani wasan motsa jiki na ƙasar Sin da ake kira Taici. Asalinsa dabarar faɗa ce ta mutanen ƙauyen Chen a lardin Henan. Wanda ya ga ana yinsa zai ce lalaci ne, domin mai yinsa yakan motsa a hankali kamar mai tafiya cikin ruwa. Ni kuwa a ganina, nan darajarsa take.

Sabon shiga ba ya farawa da naushi. Tsayuwa ake koya masa tukuna: ya ɗan lanƙwasa gwiwa, ya miƙe baya, ya saki kafaɗu, ya daidaita numfashi. Daga nan sai jerin motsi 24 da aka tsara a 1956 domin masu koyo. In ya ƙware, ya shiga dogon jeri mai motsi fiye da 80, sannan turin hannu, inda mutum biyu ke haɗa hannu, kowa yana neman karkatar da ƙarfin ɗan'uwansa. Wanda ya tsallake darasin tsayuwa, a nan zai sha ƙasa, komai ƙarfinsa.

To, mu fa? Mukan yi wasa da tushen darasi, sai jarrabawa ta ƙarato mu kwana muna hadda, bayan mako guda mun manta. Iyayenmu, ku ma don Allah ku riƙa tambayarmu abin da muka gane kafin ku tambayi na nawa muka zo.

Allah ya ba mu haƙurin koyo, amin.