Birnin Kebbi da Argungu: Inda Mulki Ya Sauka Nan Jama'a Ke Taruwa

Masu nazarin tarihin Kabi sukan danganta bunƙasar garuruwanta da albarkar fadamar Gulbin Rima, wato shinkafa da su. Ba na musun wannan, amma a ganina kujerar mulki ta fi fadama tasiri wajen tara jama'a.

Muhammadu Kanta ya ɓalle daga daular Songhay a wajen 1516, ya kafa hedikwatarsa a Surame. Yau Surame kufai ce, sai ganuwar duwatsu. Wajen 1700 sarauta ta koma Birnin Kebbi, garin ya cika. A 1805 rundunar Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci birnin, zuriyar Kanta ta fice, daga baya ta kafu a Argungu, ta shafe ƙarnin tana fafatawa da Gwandu da Sakkwato. Yaƙin ne ya mayar da Argungu birni, domin mafaka ce ga Kabawan da suka ƙi miƙa wuya. Birnin Kebbi kuwa ta farfaɗo ne da Turawa suka mayar da ita mazaunin Sarkin Gwandu, sannan ta samu babban rabo ranar 27 ga Agusta, 1991, da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi aka ba ta hedikwata. Ma'aikatu suka zo, a 2013 aka kafa jami'ar tarayya. Ƙidayar 1991 ta ba jihar mutum miliyan 2 da 'yan kai, ta 2006 ta ba ta sama da miliyan 3.2.

A nan ne batun ya shafe mu manazarta Hausa. Ƙidayar 2006 ba ta tambayi ƙabila ba, kuma ba a sake wata ba tun daga nan. Alƙaluman sun faɗi yawan kawuna, ba su faɗi wace Hausa ke bakinsu ba. Ɗan Argungu da ya koma Birnin Kebbi aiki, ɗansa yana karanta "ya tafi" a makaranta, kakarsa tana cewa "yat tahi". Wanne zai riƙe?

Bikin kamun kifi, wanda aka fara a 1934 kuma UNESCO ta amince da shi a 2016, yana da masu kula da shi. Kabancin masunta, da sunayen kifaye da kayan su da kirarin Sarkin Ruwa, shi ne ke bukatar sassan Hausa na jami'o'inmu su tura ɗalibai bakin Matan Fada da na'urar naɗar murya tun dattawan suna raye.