Fasa Salansa Ba Gyara Ba Ne



Wata ɗabi'a ta sami gindin zama tsakanin samarinmu na Garwa, kuma shirunmu ne ya shimfiɗa mata tabarma. Yaro zai sayi babur, ko a ba shi na haya ya shiga sana'ar kilando. Kafin wata ya zagayo sai ya garzaya wurin mai walda a tsaga masa salansa, a zare hanjin cikinta, a mayar a liƙe. Wai an buɗe wa inji numfashi. Daga ranar, duk inda ya ratsa, daga Hausare zuwa Yelwa, daga gadar Binuwai zuwa Rumde Ajiya, kowa sai ya san ya wuce, har majinyacin da bai runtsa ba sai goshin asuba.

Mu fara da ƙarfin da ake taƙama da shi, domin can ƙaryar take. Baburan da suka cika titunanmu, irin su Sanili da TVS da Boxer, ƙananan injuna gare su, silinda ɗaya, kuma iska kaɗai ke sanyaya su. Waɗanda suka ƙera su sun auna tsawon bututun hayaƙi da faɗinsa tare da kafireta, kamar yadda maɗinki ke auna wuya da hannun riga a jikin mutum guda. Hayaƙi bugu-bugu yake fita, kowane bugu yana taimakawa wajen share silinda domin sabon mai ya shigo. Idan aka fasa salansa aka bar kafireta yadda take, iska ta rinjayi mai, sai inji ya ƙara zafi. A garin da zafin Maris da Afrilu ke haura digiri 40, wannan ba ƙaramin zalunci ba ne ga ƙarfe. Fulogi ya yi fari, baƙin mai ya tsinke, bawul ɗin hayaƙi ya fara ƙonewa. Abin takaici, ƙarfin da ake yawan rasawa shi ne na ƙasa, na tashi da kaya, wanda mai babur ke buƙata in ya ɗauko buhun masara daga ƙauyukan bayan Gashiga ko Lagdo ya faɗa yashin rafi. Kunne ne ke jin babur ya ƙara gudu. Taya ba ta shaida ba.

Za a ce ai masu tseren babur a Turai da Amurka suna sauya salansa. Gaskiya ne. Amma bututu suke saye wanda aka ƙera don wannan injin, su daidaita mai da shi, su yi gudunsu a fili keɓaɓɓe, kuma duk da haka ana auna ƙarar babur kafin a bar shi ya shiga tsere. A dazuzzukan gwamnatin Amurka ba a barin ƙaramin abin hawa ya shiga sai da ragar da ke tare tartsatsi a bakin salansa. Mu kuwa fasasshen bututu muke bi da shi ta cikin busasshiyar ciyawar rani, ta gefen tulin audugar da ke jiran motocin Sodecoton, mu tsaya da shi a gaban kwalaben zuwa-zuwa da aka jera bakin hanya.

Sai kunne. Masana lafiyar ma'aikata sun sa iyaka a desibel 85 na tsawon awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi. A desibel 100, minti 15 ke nan. Ɗan kilando tun hantsi yake bisa sirdi har bayan isha. Jin da ƙara ta cinye ba ya dawowa, kuma gwano ba ya jin warin jikinsa: shi ne na ƙarshe da zai gane ya fara cewa "na'am?" sau biyu.

Wai kuma ƙarar tana tsare rai, ana jin zuwansa. Bakin salansa baya yake kallo. Wanda aka riga aka wuce ne ke shan rugugin, na gaba kuwa oda da fitila da birki mai kyau ne ke cetonsa.

Akwai abin da ya fi waɗannan duka ci mana tuwo a ƙwarya. Sana'ar babur tsaye take kan haƙurin jama'a da na hukuma. A Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa tawagar Sarkin Kano Ado Bayero, gwamnati ta hana acaɓa, dubban magidanta suka wayi gari ba abin yi. A Arewa Mai Nisa ma, rikicin Boko Haram ya sa an taƙaita zirga-zirgar babura. Dalilan tsaro ne suka jawo waɗancan, mun sani, amma sun nuna cewa sa hannu ɗaya ya isa ya tsayar da sana'a. Ranar da hukumar gari ta gaji, wa zai roƙa wa mutanen da suka hana gari barci? Ba 'ya'yan Hausawa kaɗai ke fasa salansa ba, amma mu da ba mu da yawa a nan, laifin ɗayanmu sunan unguwa yake ɗauka. Wake ɗaya ke ɓata gari.

Kuma ba mu san inda aka samo wannan a matsayin burgewa ba. Ranar hawan salla a ƙofar Lamiɗo, mahayin da ake yi wa guɗa shi ne wanda ya sako doki a guje ya kuma tsayar da shi cak a inda ya so.

Don haka muna kira ga masu ba da babur haya su sa sharaɗi tun ranar miƙa makulli: wanda ya fasa salansa shi zai sayi sabuwa, ya kuma ajiye babur. Masu waldar unguwanninmu su ƙi wannan aiki, ko da maƙwabci zai karɓa. Iyayen biki su daina yarda a raka amarya da fasassun bututu. Wanda kuwa ke son babur ɗinsa ya ja da gaske, ya wanke matatar iska da ƙurar hunturu ta toshe, ya sa bakanike ya daidaita masa bawul da kafireta, ya ɗaure sarƙa daidai, ya riƙa juye baƙin mai a kan lokaci.