Tawali'u da Biyayya a Sabon Alkawari: Saɓani ko Iyaka?

Mai nazarin Sabon Alkawari ba ya nisa sai ya tarar da ayoyin da a zahiri suke kamar suna tufka da warwara. A Romawa sura 13 Bulus ya umarci masu bi da su yi wa mahukunta biyayya, domin a cewarsa ikonsu daga Allah yake. Amma a Ayyukan Manzanni 5:29, sa'ad da majalisar Yahudawa ta hana su wa'azi, Bitrus da 'yan'uwansa sun fifita umarnin Allah a kan na mutum. Haka kuma Matiyu 5:39 ya koyar da juya ɗaya kuncin ga mai mari, alhali a Yahaya 18:23 da aka mari Yesu sai ya nemi a faɗi laifinsa.

Ko shakka babu, ruɗanin ya samo asali ne daga cakuɗa abubuwa biyu. Tawali'u hali ne na zuciya, wato barin girman kai da ramuwar gayya, kuma ba shi da iyaka. Biyayya kuwa aiki ce ga shugaba, tana ƙarewa inda zalunci ya soma. Bulus ɗin da ya rubuta Romawa, shi ne aka yi wa bulala a Filibi ba tare da shari'a ba. Bai rama ba, amma ya ƙi fita kurkuku a ɓoye, sai da mahukuntan suka zo da kansu, kamar yadda Ayyukan Manzanni sura 16 ta bayyana.

Rashin wannan bambancewa ya jawo ɓarna mai yawa. Masu bayi a Amurka sun fake da Afisawa 6:5, masu mulkin wariyar launin fata a Afirka ta Kudu kuma da Romawa 13, har malaman Kirista na can suka yi tir da wannan fahimta a takardar Kairos ta 1985.

Bahaushe ya ce bin na gaba bin Allah, ya kuma ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Na farko ya kafa biyayya, na biyu ya nuna cewa mai durƙusawa bai sayar da mutuncinsa ba. Duk wanda ya tsinci aya guda ya watsar da 'yar'uwarta, to, bulala yake nema wa talaka, ba ma'ana ba.