Makarantar Bakin Kogi

A ƙasar Hausa, idan aka ga mutum ya fita da sassafe ya nufi bakin kogi, ba taru a kafaɗarsa, ba garma, ba tulu, sai a ce ko dai ya rasa aikin yi, ko kuwa ya ɗauko ɗabi'ar Turawa. Wannan zato kuskure ne, kuma babu wanda ya fi cutuwa da shi kamar ɗalibin Hausa, domin wani babban kaso na harshen da yake nazari a bakin ruwa aka haife shi.

A dubi karin magana da kirari. Wanda ya fara cewa "balbela ci da motsin wani" lalle ya daɗe yana kallonta a bayan shanu, tana cafke farin da kofatonsu ya tayar. Wanda ya kira kainuwa "dashen Allah" ya tsaya ya ga yadda take yawo bisa ruwa, saiwarta ba ta taɓa ƙasa ba. Wanda ya naɗa wa damo sarautar haƙuri ya san halinsa da idonsa. Amma a yau ɗalibi yakan rubuta shafi goma a kan hikimar waɗannan zantuka, alhali kuwa da za a ajiye masa zalɓe da jinjimi ba zai iya rabe su ba. Ya riƙe suna, ya saki mai suna.

Maganin wannan kuwa ba shi da tsada. Ga dausayin Haɗeja da Nguru, inda kogin Haɗeja da na Jama'are suke bazuwa kafin su haɗu su zama kogin Yobe, wanda ke zuba a Tafkin Cadi. Ƙasar wurin shimfiɗaɗɗiya ce, babu dutsen hawa, tsoho da yaro duk suna iya taka ta. Wanda ya bi gaɓar ruwa da hantsi cikin hunturu, a ƙarƙashin giyayya da goruba, in ya rage sauri ya kame bakinsa, zai ga zalɓe tsaye cik yana dakon kifi, da garken kirinjijiya suna tashi da fito, da ɗinya tana kiwo a tsakanin bado. Zai kuma ga baƙin agwagi da suka ƙetaro Sahara daga Turai don gudun sanyi, waɗanda sukan zauna har wajen watan Maris sannan su koma. Saboda irin waɗannan baƙi ne aka keɓe tafkin Dagona kusa da Gashuwa, kuma a 2000 aka sanya tafkin Nguru cikin dausayoyin da yarjejeniyar Ramsar ta amince da muhimmancinsu ga duniya.

Wani zai ce wannan aikin masana kimiyya ne, ba na masu nazarin harshe ba. To, sai a tuna masa da Dalziel, wanda ya fitar da littafin sunayen tsirrai na Hausa a 1916, da Bargery, wanda ƙamusunsa ya fito a 1934 cike da sunayen tsuntsaye da kifaye. Waɗannan baƙi daga bakin masu harshen suka kwashi abin da suka rubuta. Abin kunya ne a ce ɗan gida sai ya buɗe littafin baƙo kafin ya san sunan tsuntsun da ke kwana a bayan garinsu, ga masunta da makiyaya da maharba suna nan da ransu.

Abin da ya sa batun ya zama na gaggawa shi ne, makarantar kanta tana ƙanƙancewa. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Calawa a 1992, ambaliyar da ke shayar da dausayin kowace shekara ta ragu, ciyawar kacala kuma ta toshe hanyoyin ruwa da yawa. Gauraka, wadda dā ake ganinta garke-garke, yanzu ganinta a Nijeriya ya yi wuya ƙwarai. Idan tsuntsu ya ɓace, sunansa yakan bi shi, kirarinsa kuma ya zama magana marar tushe a bakin yara.

Saboda haka ya kamata kowane sashen Hausa ya sanya fita bakin kogi cikin ayyukansa, ko da sau ɗaya a zango. Ba sai an je Nguru ba; kowane gari yana da fadamarsa. Ɗalibi ya ɗauki littafi da alƙalami, ya nemi dattijon masunci ya bi shi a baya cikin ladabi, ya rubuta sunan duk abin da aka nuna masa, da kukansa, da lokacin zuwansa, da abin da mutane ke faɗi a kansa. Kada ya ɗauki gwafa, kada ya taɓa sheƙa. Wanda ya yi haka zai komo aji da abin da babu shi a ƙamus, ya kuma gane dalilin da ya sa magabata suka ce gani ya kori ji.