Tabaran Kwamfuta Ba Zai Koya wa Yaran Kebbe Lissafi Ba

A tarukan ilimi yanzu ana ta cewa na'ura ce za ta raba yaranmu da faɗuwa lissafi. Sabon abin yayi shi ne tabarau na kwamfuta, wanda yaro zai ƙwama a ido ya tsinci kansa cikin zananniyar duniya, yana kamo ƙwallaye a iska yana ƙirgawa. Ban yarda ba, kuma ina roƙon hukumar SUBEB ta Sakkwato kada ta sa ko sisi a wannan harka.

An taɓa yin irin wannan alkawari. Gwamnatin Peru ta raba wa 'yan firamare dubban ɗaruruwan ƙananan kwamfutoci, amma binciken da aka fitar a 2012 ya nuna makinsu na lissafi bai ƙaru ba. Kamfanin Meta ma bai amince ɗan ƙasa da shekara 10 ya sa tabaransa na Quest ba. To, ina ga ɗan shekara shida a Dogon Daji ko Kuchi? Wa zai yi caji? Wa zai gyara in ya lalace?

Da hannu yaro yake fara gane adadi: tsakuwa, ƙwallon dabino, karan dawa. Yarinyar da ke tallan gyaɗa a kasuwar Tambuwal ba ta kuskuren canji, amma a aji sai ta kasa cire 7 daga 13, domin da Turanci aka tambaye ta, cikin cunkoson da malam ba ya iya duba littafin kowa. Nan ciwon yake.

Maganin kuwa sananne ne. Ƙungiyar Pratham ta Indiya tana kasa yara gwargwadon abin da suka iya, ta koya musu goma-goma da ɗaurin tsinke. A nan gida, shirin Mu Karanta ya koyar da karatu da Hausa a makarantun Sakkwato da Bauchi. Me ya hana a yi wa lissafi haka?

A 2015 gwamnan Sakkwato na lokacin, Aminu Waziri Tambuwal, ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, wadda ke nufin a fara da abin da ya fi gaggawa. Kuɗin tabarau a horar da malamai da su a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, a buga littattafan lissafi da Hausa, a ba malamin da ya yarda ya zauna a ƙauyukan Kebbe alawus da tsaro. Duk ɗan majalisar da ya zo da aikin mazaɓa na na'ura, iyaye su fara tambayarsa: malamai nawa ne a makarantarmu?