Iska Kyauta Ce, Amma Injinta Fa?

Duk lokacin da aka tayar da zancen wutar lantarki a makarantunmu, ba a rasa mai miƙewa ya ce ga iska nan Allah ya hore mana kyauta, a kafa farfela kawai a huta. Mu da muke riƙe da alli mun gaji da wannan magana, musamman da muka fara jin ta a bakin ɗalibanmu.

Tun a 1920 Bajamushe Albert Betz ya nuna cewa babu farfelar da za ta iya kwashe fiye da kashi 59.3 cikin ɗari na ƙarfin iskar da ta ratsa ta. Dalilin a fili yake: in injin ya tsotse ƙarfin duka, iskar za ta tsaya cik a bayansa, ta tare wa mai zuwa hanya. Injinan zamani mafi nagarta ma a wajen kashi 45 zuwa 50 suke tsayawa, kafin janareta da wayoyi su ci nasu rabon.

Abin da ya fi wannan ciwo shi ne lissafin gudun iska. In gudun ya ninka sau biyu, ƙarfin yakan ninka sau takwas. In ya ragu da rabi, kashi ɗaya cikin takwas ne zai saura. Injin da aka yi wa kirari da iska mai gudun mita 12 a daƙiƙa, in ya samu mai mita 6, sai ya koma ɗan tsurut, in kuwa ta sauka zuwa 3 da ƙyar zai motsa. Wanda ya taɓa koyar da darasin azahar a watan Afrilu a Haɗejiya, ganyen darbejiya ko kaɗawa ba ya yi, ya san abin da muke nufi. Masu ƙera injin suna maganin wannan ne da doguwar hasumiya da dogayen fikafikai, kowane ƙarin tsawo kuwa ƙarin ƙarfe ne da siminti da kuɗi. A ƙasar fadama irin tamu, wadda ambaliyar 2022 ta nuna mana halinta, ginshiƙin ma kaɗai tsada ne. Ba mu ma taɓo ƙurar hunturu ba, ko tsuntsayen da ke sauka dausayin Haɗejiya da Nguru daga Turai.

A dubi Lambar Rimi a Jihar Katsina. Tun 2005, zamanin gwamnan jihar Umaru Musa 'Yar'aduwa, aka ɗauko aikin megawat 10: injina 37, kowanne kilowat 275, ƙirar kamfanin Vergnet na Faransa. A Disambar 2012 aka sace injiniya Bafaranshe a Rimi, aikin ya yi ta jan ƙafa fiye da shekara goma. Abin da ya gagari gwamnati saurin kammalawa, kwamitin makaranta ne zai ɗauka da kuɗin iyaye?

Ba gaba muke da iska ba. Cewa muka yi a auna ta tukuna. A sa ma'aunin gudun iska a kan rufin makarantun sakandare na Haɗejiya, Auyo, Kafin Hausa da Guri, ɗalibai su riƙa rubuta abin da ya nuna safe da yamma har shekara ta zagayo, malaman lissafi su tattara. Kafin nan, duk ɗan kwangilar da ya zo da hoton farfela, shugaban makaranta ya nemi ya rubuta kilowat nawa za ta bayar a iskar mita 4, nawa ne kuɗin gyaranta a shekara, kuma a wane gari makanikenta yake. Sannan a ajiye takardar gefe da gefe da ta mai sayar da sola.